Tambaya da Amsa: Na iya ɗinka littafi, amma me zan zuba a cikinsa?

Tun bayan bayanin da muka yi a wannan fili game da littafin fasaha na hannu, wasiƙu suka riƙa shigowa fiye da yadda aka saba, kuma yawancinsu daga cikin garin Jos da kewayensa suka fito. Ga wanda bai ga wancan bayani ba, littafin fasaha shi ne wanda mai shi ya tsara da kansa tun daga zaɓen takarda har zuwa ɗinki da bango, ta yadda littafin kansa ne aikin fasahar, ba wai mazubi ne kawai da aka tara hotunan zane a cikinsa ba. Na taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin wuri, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon zane. Na koyi ɗinkin littafi da hannu, har na ɗinka guda tara masu bangon fata da na atamfa, kowa ya gani sai ya yaba. Amma duk fanko ne, domin da na ɗauki alƙalami sai kaina ya ɗaure. Idan na duba Instagram da Pinterest kuma sai in ga kamar an riga an yi komai. Ina ake samo abin da za a zuba a ciki? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo.

Wa alaikumus salam. 'Yata, kin ɗinka riga ne kafin ki ga mai sawa, shi ya sa duk wanda ya zo gwadawa sai ta yi masa yawa ko ta matse shi. Littattafan nan tara ba asara ba ne, domin sun koya wa hannunki aiki, kuma za ki iya sayar da su ga masu son kundin rubutu. Sai dai ki ajiye su gefe tukuna. Littafi mai kyan bango yana da kwarjini, yana sa mutum ya ji tsoron ɓata shafin farko, kuma ina kyautata zaton wannan tsoron ne kike kira ɗaurewar kai.

Abu na biyu da nake zargi shi ne kina neman babban batu. Duk ɗalibin da na tambaya me yake son yin littafi a kai, amsar da nake samu ita ce zaman lafiya, ko al'adun Hausawa, ko halin da mata suke ciki. Waɗannan sunayen taro ne, ba su da ƙofar da hannu zai kama ya buɗe. Abin da ke zama littafi ƙarami ne, kuma yawanci yana kusa da mutum har ya daina ganinsa. Ƙofofin gidajen da kike wucewa daga gidanku zuwa bakin titi batu ne. Rubuce-rubucen da ke jikin manyan motocin da ke sauke kaya a kasuwar Farin Gada batu ne. Kwanonin da ke jere a ɗakin kakarki, da labarin wanda ya kawo kowannensu da ranar da aka kawo shi, batu ne da zai iya ɗaukar zaman lafiya da al'ada da halin mata gaba ɗaya ba tare da kin ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. A shekarar 1963 wani mai zane ɗan Amurka, Ed Ruscha, ya fitar da ɗan littafi wanda babu komai a cikinsa sai hotunan gidajen mai ashirin da shida da ke kan hanyar da yake bi tsakanin Los Angeles da Oklahoma, kowanne da sunansa da garin da yake. Kwafi 400 ya buga da farko, kuma har yau ana lissafa shi cikin littattafan da suka buɗe wa wannan fanni hanya. Ban kawo shi don ki kwaikwaya ba, na kawo shi ne don ki ga cewa hanyar da mutum ya saba bi ta isa.

Ga abin da nake so ki yi. Ki sayi ƙaramin littafin rubutu mafi araha, wanda ba za ki ji ciwon ɓata shi ba, ki zaɓi wuri ɗaya, ki riƙa zuwa can kullum har mako guda. Ki rubuta abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji kaɗai, ban da ra'ayinki. Idan Farin Gada kika zaɓa, ki rubuta yadda dillali ke ɗaga murfin kwandon tumatir ya nutsa hannu har gwiwar hannu don ya nuna cewa na ƙasa ma lafiyayye ne, da kalmomin da mai saye ke faɗa yana juya baya kamar zai tafi, da "albarka" ɗin da ke biyo bayansa, da launin ruwan da ke kwance a ƙarƙashin tarin kabeji da ƙarfe bakwai na safe. Ki tsinci abin da aka yar: guntun buhu mai rubutu, tikitin shiga, igiyar da aka ɗaure albasa da ita. A rana ta takwas ki baza komai a kan tabarma ki duba abin da ya fi maimaituwa, ko abin da kika fi komawa kansa ba da niyya ba. Wannan ne batunki, kuma sau da yawa ba shi ne kika fita nema ba.

Daga nan ne ake tambayar siffar littafin, kuma a nan ne littafin fasaha ya rabu da zanen da ake ratayewa a bango. Mai kallon zanen bango yana ganin komai a lokaci guda. Mai riƙe da littafi kuwa ba ya ganin shafi na biyar sai ya bar na huɗu, saboda haka ke ce kike da iko da abin da zai fara gani, da abin da za a ɓoye masa, da tsawon lokacin da zai jira. Wannan jira shi ne babban kayan aikinki, ya fi fata da zare muhimmanci. Idan batunki titi ne, wato abu mai tsawo da ake bi daga farko zuwa ƙarshe, to doguwar takarda da aka ninke gaba da baya kamar yadda ake ninke turmin atamfa ta fi dacewa, domin ana iya buɗe ta shafi-shafi, ana kuma iya miƙe ta gaba ɗaya a ga titin baki ɗaya. Idan batunki magana ce da ba a faɗa a fili a gida, sai ki yi tunanin aljihu ko ambulan da aka ɗinka a cikin shafi, wanda sai mai karatu ya sa yatsa ya zaro. Idan kuwa abubuwan ba su da na gaba da na baya, kamar kwanonin kaka, babu dalilin ɗaure su da zare, sai a bar su warwatse a cikin akwati. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: idan za a iya kwashe abin da ke cikin littafin a zuba shi a wata siffa dabam ba tare da an rasa komai ba, to siffar da aka zaɓa ado ce kawai, aikin bai nuna ba tukuna.

Kada ki taɓa takarda mai tsada sai kin yi gwaji da tsohuwar takardar ofis. Takardar A4 guda ɗaya, idan aka ninka ta sau uku ta zama gida takwas, aka tsaga tsakiyarta tsawon gida biyu, tana naɗuwa ta zama ɗan littafi mai shafi takwas babu ɗinki babu gam. Ki yi irinsa uku ko huɗu a kan batu ɗaya, kowanne da jeri dabam, da fensir da rubutun gaggawa. Sa'an nan ki miƙa wa wani a gida ba tare da kin yi masa bayani ba, ki kalli hannunsa maimakon fuskarsa, domin fuska tana kara, hannu kuwa ba ya yi. Inda ya yi saurin juya shafi, wurin ya mutu. Inda ya dakata ko ya koma baya, akwai rai a wurin.

Ni kaina haka aka yi mini. Na taɓa yin littafi a kan hazon hunturu, na zana layin duwatsun Shere a kan takarda mai shara-shara guda bakwai, ta yadda idan an rufe su a kan juna duwatsun ba sa ganuwa sosai, kowane shafi aka ɗaga sai su ƙara fitowa. A ƙarƙashin kowane zane na rubuta sakin layi guda ina bayanin abin da hazo yake nufi a rayuwa. Da na miƙa wa ƙanwata, sai na ga tana ɗaga shafukan a hankali tana kallon duwatsun, babban yatsanta kuma yana zaune daram a kan rubutun da na kwana uku ina gyarawa. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga yatsan ba. A gwaji na gaba na cire bayanin duka, na bar kwanan wata da lokacin da na yi kowane zane kawai, littafin ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Game da Instagram kuwa, shawarata ita ce ki daina duba ayyukan wasu na tsawon wata guda. Abin da kike gani a can hoton littafi ne a buɗe a shafinsa mafi kyau, ba littafin ba, kuma babu wanda ya san titinku a cikin masu ɗora su.

Malam, barka da aiki. Ni dattijo ne, na yi ritaya. Mahaifina ya yi aikin kuza, ya rasu ya bar wata akwatin ƙarfe mai ɗauke da takardun haraji, da hotuna uku, da wata wasiƙa da ajami, da 'yan tsofaffin kuɗi. Ina so in haɗa littafi da hannuna in bar wa jikokina. Ta ina zan fara, kuma ya halatta in yanka takardun in manna su? Daga wani mai karatu, Bukuru.

Baba, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan mahaifi. Zan fara da tambaya ta biyu domin ita ce mai gaggawa: kada a yanka, kada a manna, kada a liƙa musu salatif, kada kuma a kai su shago a rufe su da leda mai zafi kamar yadda ake yi wa takardun makaranta. Gam ɗin salatif yana nutsewa cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita, ledar kuma idan ta kama tsohuwar takarda ba a raba su ba tare da ɓarna ba. A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya a cikin inuwa mai haske, a buga kwafi, a yi aikin littafin da kwafin. Na asalin a sa kowanne tsakanin farar takarda mai tsabta, a mayar da su akwatinsu, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda laimar damina.

Wasiƙar ajamin ce nake so ku fara da ita, tun kafin a yi maganar littafi. A nemi dattijon malami da ya saba da rubutun mutanen da, ya karanta ta da ƙarfi, a naɗi muryarsa da waya, a rubuta abin da ya karanta da boko. Ajami ba shi da ƙa'ida guda da kowa yake bi, kowane marubuci da irin hannunsa, kuma masu iya warware tsohon hannu suna raguwa. A cikin littafin sai a sa hoton wasiƙar a shafin dama, karatunta da boko a na hagu.

Jarabar da ke jiranku ita ce ku mai da littafin tarihin kuza a Filato. Tarihin yana da faɗi: ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914 don jigilar kuza, aka rufe shi a 1957; layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927; daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da ake haƙo kuza mai yawa, daga hannun Ingila, Turawan mulki suka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza a kan dole, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta; a 1985 kuma kasuwar kuza ta duniya ta rushe. Duk wannan jikokinku za su iya samunsa a wani wuri. Abin da ba za su samu a ko'ina ba shi ne mahaifinku. Saboda haka ku ɗauki daga tarihin gwargwadon abin da zai haska takardar da ke hannunku kawai. Idan takardar haraji tana ɗauke da shekara, layi biyu a gefenta game da abin da ke faruwa a filin kuza a wannan shekara sun wadatar.

Ku zaɓi abu bakwai ko tara, kada su wuce haka. Ga kowane ɗaya ku rubuta abin da kuka tuna da hannunku, yadda za ku faɗa wa jika idan yana zaune a gabanku, ba da Hausar takardar ofis ba. Tsofaffin kuɗin kuwa, idan irin su anini da kwabo masu huda a tsakiya ne, ba sai an ɗauki hotonsu ba: a ɗora siririyar takarda a kansu a goga da gefen fensir, siffarsu za ta fito da girmanta na gaskiya, jika ma zai iya yin wannan da hannunsa. Idan akwai tsohon kwanon sarki a gida, irin wanda aka ɗebi ƙasa da shi, a kifa shi a kan takarda a zagaye bakinsa da fensir, a ninke takardar a cikin littafin, domin yaro ya buɗe ya ga faɗin abin da kakansa ya ɗauka a ka.

Akwai shekarun da ba ku san inda mahaifi yake ba ko me ya same shi. Kada ku cike su da zato. Ku bar shafin fari, ku rubuta shekarun a ƙasansa. Na ga irin wannan shafi ya sa 'yan gida sun tashi sun je tambayar wata gwaggo da ba a taɓa tunanin tana da labari ba.

Malam, ni almajiri ne, na yi sauka, kuma ina yi wa masu sauka zayyanar allo. Wani abokina ya ce wannan littafin fasaha abin Turawa ne, babu ruwan irinmu da shi. Haka ne? Daga wani matashi, Gangare.

Malam, abokinka ya yi gaskiya ta fuskar suna kawai. Sunan fannin da yadda ake baje shi a gidajen nune-nune daga Turai da Amurka suka zo. Amma littafin da mutum ɗaya ya fere alƙalaminsa, ya dafa tawadarsa, ya rubuta, ya yi wasali, ya yi ado, baduku kuma ya yi masa sutura, ya daɗe a ƙasar Hausa da Borno kafin zuwan injin ɗab'i. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ƙarƙashin wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg, yana cikin wuraren da aka tara tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci a Najeriya.

Dubi dabarun da ka gada, waɗanda masu wannan fanni a waje suke wahalar ƙirƙirowa. Littafinmu na da ba a ɗinke yake ba, warƙoƙi ne a sake, ana haɗa su cikin tadarishi, wato bangon da ake sa warƙoƙi a tsakaninsa, a ɗaure, a zura cikin gafaka. Don kada jeri ya rikice, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, saboda haka kowace warƙa tana riƙe da hannun 'yar'uwarta ba tare da zare ba. Launi kuma aiki yake yi: baƙi ga baƙaƙe, ja ga wasulla, rawaya ga hamza. Ko takardar tana da labari, domin idan aka ɗaga da yawa daga cikin tsofaffin warƙoƙin nan zuwa ga haske ana ganin tambarin jinjirin wata guda uku, alamar takardar da aka yi a arewacin Italiya ta ratso Sahara a bayan raƙuma. Ɗaliban zane da suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, abin da suka tsaya a kai ke nan, cewa mai zane ya haɗa abin da ya koya a makaranta da abin da ya tarar a gida.

Kai kana da hannu, abin da ya rage shi ne batu, kuma yana tsangayarku. Kana iya yin warƙa goma sha biyu a kan yinin almajiri daga karatun asuba a bakin wuta har zuwa na dare, kowace da 'yan layuka da ajami cikin kalmominka, da zayyanar da gidajenta suke ƙaruwa yadda karatu yake ƙaruwa, ka kuma haɗa su da waccan dabara ta kalmar ƙasan shafi. Abu ɗaya nake jan hankalinka a kai, ko da yake ka fi ni saninsa: littafin fasaha yana yawo hannu-hannu, ana ajiye shi a inda aka ga dama, mai tsarki da marar tsarki duk suna taɓawa. Saboda haka ka bar ayoyi a inda ake girmama su, ka yi aikin da maganarka ko karin magana, kuma ka nuna wa malaminka gwajin farko kafin ka ci gaba.

Gaisuwa mai yawa, Malam. Ina rubuta waƙoƙi amma ban iya zane ba ko kaɗan. Zan iya yin irin wannan littafi? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada.

Malama, za ki iya, kuma rashin iya zane zai iya tsare ki daga kuskuren da masu iyawa suke yi, wato zana abin da baiti ya riga ya faɗa. Idan waƙa ta ce wata ya fito, aka kuma zana wata a gefe, an faɗi magana ɗaya sau biyu. Ki ɗauki waƙa ɗaya tak, ba diwani ba, ki karanta ta da ƙarfi, ki lura da inda numfashinki yake tsayawa. Nan ne za a juya shafi. Wani shafin zai ɗauki baiti biyu, wani kalma ɗaya, wani kuma babu komai saboda shiru ake bukata a wurin. Rubutun hannunki ya isa zama hoto, kuma za ki iya ƙara masa da hatimin da aka sassaƙa a jikin magogin fensir ko rabin dankalin Turawa, wanda ba ma rasa shi a Jos, ko da layin zare da aka ɗinka a jikin takardar. Tunda aikinki na dare da rana ne, ina ganin akwai waƙa a cikin aikin kwana, littafin da shafukansa suke farawa da baƙar takarda suna yin haske har zuwa sallamar safe, amma fa ban da sunan majinyaci ko wani abu da zai sa a gane shi.

Idan kuma kin fi son haɗa hannu da mai zane, hanya ce tsohuwa. A 1913 a Faris, mawaƙi Blaise Cendrars da mai zane Sonia Delaunay sun fitar da waƙar tafiyar jirgin ƙasa a kan takarda mai ninki da tsawonta ya kai kusan mita biyu, launi yana gangarowa a gefe guda, baitoci a ɗaya gefen. Ku dai yi magana tun farko a kan sunan wa zai fito, kwafi nawa za a yi, da yadda za a raba abin da aka samu, ku rubuta ku sa hannu ko da ƙawaye ne ku.

Malam, na rina takarduna da zoɓo suka yi ja mai kyau, bayan wata biyu suka koma toka-toka, bangon kuma ya lanƙwashe. Me ya jawo? Daga wata mai karatu, Rikkos.

Launin zoɓo ba ya jure haske, kuma yana sauyawa idan ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa, alhali yawancin farar takardar ofis tana da sinadarin alli a jikinta. Gangamau ma haka yake kodewa. Idan kina son launi mai zama, ki nemi shuni, ko jar ƙasa da aka tace aka dama da ƙaro, ko baƙar tawadar zunubin tukunya da gawayi. Ko da yake idan littafin a kan mantuwa yake, kodewar zoɓon na iya zama ita ce maganar, sai dai a yi ta da sani.

Lanƙwashewar bango kuwa yawanci daga abu biyu take. Takarda tana da jijiya kamar itace, tana ninkuwa cikin sauƙi ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, kuma dole jijiyar kowace takarda da kwali ta bi tsayin ƙashin bayan littafin. Na biyu, idan aka manna takarda a fuska ɗaya ta kwali tana bushewa tana jan sa, musamman a busasshiyar iskar hunturun Jos, don haka a manna wa ɗaya fuskar irinta, a danne da abu mai nauyi kwana biyu.

Malam, ya halatta in sa waƙar wani mawaƙi da hotunan da na samo a intanet a littafina, tunda kwafi biyar kawai zan yi? Daga wani malamin makaranta, Nasarawa Gwom.

Malam, ƙarancin kwafi ba ya mayar da kayan wani naka, musamman idan za a sayar ko a baje a bainar jama'a. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, haƙƙin rubutu da waƙa yana nan har shekara saba'in bayan rasuwar mai shi, kuma magadansa ne suke riƙe da shi. Hoton da ke intanet ma yana da mai shi ko ba a rubuta sunansa ba. Ka nemi izini a rubuce, sau da yawa ana bayarwa idan aka ji aikin ƙarami ne. Karin magana da tatsuniya da kacici-kacici da ka ji daga bakin mutane ba su da wannan matsala a irin aikinka, amma ya kyautu ka rubuta a wurin wa ka ji su da kuma garin.

A shafin ƙarshe na kowane kwafi ka rubuta sunanka, da gari, da shekara, da irin takarda da tawadar da ka yi aiki da su, sa'an nan lambar kwafin, wato 1/5 har zuwa 5/5, ka sa hannu da fensir. Idan ka rubuta biyar, kada ka ƙara na shida daga baya ko da an zo da kuɗi. Littafin gwajin da ka yi da tsohuwar takarda ba ya cikin lissafi, shi naka ne, ka rubuta masa kwanan wata ka adana shi.